Alhaki Kwikwiyo Ne? Tarihin Wani Gajeren Labari Mai Tayar da Hankali a Karatun Yaran Zangon Kwatano

Gabatarwa

Akwai labaran da ɗalibi ke karantawa a aji, ya rubuta jarrabawa a kansu, ya manta da su kafin hutu ya ƙare. Akwai kuma 'yan kaɗan da ke manne wa zuciya, har mutum ya yi furfura yana iya tuna yadda aji ya yi tsit a ranar da malami ya kai ƙarshensu. Galibin irin waɗannan na biyu gajeru ne, kuma ba sa ƙarewa da daɗi.

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin ɗaya daga cikinsu, wato L'Arbre fétiche na Jean Pliya, wanda za a iya fassara sunansa da Bishiyar Tsafi. Labari ne da ya daɗe cikin manhajar makarantun sakandare na Jamhuriyar Benin, don haka 'ya'yan Hausawa da sauran Musulmi na unguwar Zango da ke Kwatano, waɗanda suka yi boko, sun haɗu da shi kamar sauran 'yan ƙasar. Maƙalar ta fara da bayanin yadda Hausawa suka isa bakin teku da yadda makarantar Faransa ta same su a can, sannan ta warware labarin, daga bisani ta gwama shi da littattafan Hausa guda biyu da ɗalibai suka daɗe suna karantawa a Nijeriya ta Arewa, Jiki Magayi da Shaihu Umar. Manufar ita ce a nuna cewa abin da ke sa irin waɗannan labarai su daɗe a rai ya wuce zubar jini ko ambaton iskoki. Sirrin yana cikin tambaya guda: a kan wa azaba ta sauka?

Daga zangon fatake zuwa Zangon Kwatano

Kalmar zango ta Hausa ce, kuma asalinta wurin da ayari ke yada kaya ya kwana. A ƙarni na 19 fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta garuruwa irin su Nikki da Paraku da Jugu, su wuce Sansanin Mango da Yandi har su isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su komo da goro. A kowane babban gari sukan sauka a bayan gari, a ƙarƙashin jagorancin madugu, kuma sannu a hankali wasu daga cikinsu suka zauna, suka yi aure, suka gina masallatai. Ta haka zango ya tashi daga masaukin dare ɗaya ya zama unguwa mai limami da sarki. Garin Jugu, wanda tsofaffin fatake ke kira Zugu, yana cikin manyan waɗannan mashigai, kuma shi ne mahaifar marubucin da ake magana a kansa.

A kudu kuwa daular Dahome ce ke mulki, da fadarta a Abome. Kwatano ƙaramin wuri ne a wancan lokaci. Turawan Faransa sun kafa hujjar mallakarsa da yarjejeniyar da suka ce an ƙulla a 1868 da 1878 a zamanin Sarki Glele, kuma gardama a kan wannan wuri tana cikin musabbabin yaƙe-yaƙen da suka gwabza da ɗansa Sarki Behanzin a 1890 da kuma daga 1892 zuwa 1894. Cikin rundunar da ta shiga Abome a ƙarshen 1892 akwai wata bataliya da Faransawa suka kafa a 1891 suka raɗa mata sunan sojojin Hausa, ko da yake sunan ya haɗa da mutanen wasu ƙabilu da yawa. Wannan ya nuna cewa tun kafin mulkin mallaka ya kafu, an san Bahaushe a wannan gaɓa a matsayin ɗan kasuwa da malami da soja.

Da Faransawa suka gina gadar sauke kayan jiragen ruwa a farkon shekarun 1890, suka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Paraku a 1936, sai ciniki ya juya baya ga tsohuwar hanyar gabas zuwa yamma, ya fuskanci teku. Mutanen arewa suka biyo shi. Unguwar Zango ta bunƙasa tare da garin, ta zama matattarar Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Yarabawa Musulmi, kuma babban masallacinta yana cikin sanannun masallatan birnin. Hausawan Nijeriya na yau sun fi sanin Kwatano ta fuskar motoci da shinkafa da atamfa, har sunan garin ya zama laƙabin kayan hannu. Kaɗan ne ke tambayar abin da yaron da aka haifa a Zango yake karantawa.

Makarantu biyu a kan yaro ɗaya

Yaron Zango yakan fara da makarantar allo, kamar takwaransa na Kano ko Maradi. A can yake koyon baƙaƙe da farfaru, ya ji ƙissoshin annabawa. Da dare kuma, a gidan da al'adar ba ta mutu ba, ya ji tatsuniya daga bakin kaka ko goggo. Makaranta ta biyu, wato ta boko, da Faransanci take magana.

A nan tarihin ƙasashen biyu ya rabu. A Nijeriya ta Arewa, tun daga makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, Turawan Ingila sun riƙi Hausa a matsayin harshen koyarwa a matakin farko, abin da ya tilasta musu samar da littattafan karatu da harshen. Faransawa kuwa sun ɗauki wata hanya dabam. A dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da suka mallaka, Faransanci kaɗai aka yarda da shi a aji. A makarantu da yawa akwai wata alamar horo, ɗan katako ko ƙashi ko wani abin kunya, da akan rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen gida, shi kuma ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa kafin a tashi. Littattafan karatu irin su Mamadou et Bineta na André Davesne, wanda ya bazu tun daga shekarun 1930, sun saka sunayen Afirka da ƙauyukan Afirka a cikin darasi, amma harshen bai canza ba. Haka kuma yara sukan haddace tatsuniyoyin La Fontaine, ciki har da ta kyarkeci da ɗan rago, inda mai ƙarfi ya ƙirƙiro laifi ya ɗora wa mara ƙarfi ya cinye shi.

Dahome ta yi fice wajen yawan 'yan boko, har ana kwatanta ta da unguwar masana ta birnin Paris, kuma ma'aikatanta sun bazu a ofisoshin sauran ƙasashen renon Faransa. Sai dai wannan boko ya fi kafuwa a kudu, a hannun 'yan mishan, shi ya sa iyaye Musulmi da dama suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi, kamar yadda aka yi a ƙasar Hausa. Bayan samun 'yancin kai a ranar 1 ga Agusta 1960, musamman bayan hawan Mathieu Kérékou mulki a 1972 da gyaran tsarin ilimi na 1975, shekarar da aka canza sunan ƙasar zuwa Benin, hukuma ta ƙara ba marubutan gida wuri a manhaja. An yi maganar shigar da harsunan ƙasa cikin koyarwa, amma a aikace Faransanci ya ci gaba da riƙe aji. Sakamakon haka, yaron da ke magana da Hausa a gida ya fara karanta ƙagaggen labari na zamani da harshen Faransa, daga alƙalamin marubucin da zuriyarsa ta fito daga Abome.

Jean Pliya da Bishiyar Tsafi

An haifi Jean Pliya a Jugu a 1931. Ya yi karatu mai zurfi a Faransa, ya zama malamin tarihi da labarin ƙasa, ya riƙe muƙamai a gwamnati, daga baya ya shugabanci jami'ar ƙasar a farkon shekarun 1980. Ya rubuta wasannin kwaikwayo, ciki har da Kondo le requin a kan Sarki Behanzin da kuma La Secrétaire particulière a kan lalacewar aikin ofis. Kirista ne ɗan ɗarikar Katolika mai riƙo da addini, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya fi mayar da hankali ga rubuce-rubucen addu'a da na kiwon lafiya. Ya rasu a Abijan a 2015. Labarin Bishiyar Tsafi ya ci gasar gajerun labaran Afirka a 1963, aka kuma buga shi tare da wasu gajerun labaransa a 1971 a maɗaba'ar CLE da ke Yawunde ta ƙasar Kamaru.

Zubin labarin ba shi da sarƙaƙiya. A garin Abome hukuma ta ƙudiri aniyar fitar da sabuwar hanya, aka ɗora aikin a kan wani matashin ma'aikaci ɗan boko mai suna Paul Lanta, aka ba shi fursunoni su yi masa leburanci. Aiki na tafiya sai suka ci karo da wata tsohuwar bishiyar loko a tsakiyar inda hanya za ta bi. Mutanen gari sun ɗauke ta mazaunin abin bautarsu, mai alaƙa da kakanni. Fursunoni suka ƙi sa mata gatari, suka gargaɗi Lanta. Shi kuwa ya ɗauki maganarsu camfi ne na jahilai, domin a wurinsa bishiya itace ce kawai, kuma takardar aiki ta ce a sare. Daga nan wani gwanin saran itace mai suna Dossou ya karɓi aikin. Ya yi ta sara, hadari ya haɗo, iska ta taso, bishiya ta faɗi, ta hallaka shi a gaban idon mutane.

Ga ɗalibin harshe akwai abin lura a sunan bishiyar. Ita ce wadda Yarabawa ke kira iroko, sunan da Turawa suka ara. Da harshen Fon na mutanen Abome loko ake ce mata, haka ma da Hausa, kuma a addinin gargajiyar Fon akwai abin bauta mai wannan suna. Tsawa da aradu kuwa a wurinsu na wani abin bauta ne da suke kira Hebiyoso. Saboda haka mai karatu ɗan Abome da ya ga hadari ya haɗo a daidai lokacin saran, ya riga ya san abin da jama'ar da ke cikin labarin za su ce. Amma marubucin bai tsaya ya yanke hukunci da bakinsa ba. Katuwar bishiyar da aka ci gindinta da gatari, iska mai ƙarfi ta same ta, za ta iya faɗawa ta inda ba a zata ba, kuma wannan ya isa bayani ga wanda ya yarda da ilimin makaranta. Wanda ya yarda da tsafi shi ma yana da tasa hujjar cikakkiya. Labarin ya ƙare ya bar bayanan biyu a tsaye, kowanne da ƙafarsa.

Me ya sa yake tsaya wa mai karatu a rai?

Domin a gane tasirin wannan ƙarshe a kan yaron da ya tashi da Hausa, sai an duba irin labarin da kunnensa ya saba da shi. Tatsuniya ba ta rasa abin tsoro ba. Akwai Dodo mai haɗiye mutane, akwai kura, akwai mayya, akwai yarinyar da ta ƙi duk masu neman aurenta ta bi kyakkyawan baƙo ashe maciji ne. Amma tsoron tatsuniya yana tafiya ne bisa ƙa'idar da karin magana ya taƙaita: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, 'yar bora mai ladabi ta komo da dukiya, 'yar mowa mai rashin kunya ta komo da wulaƙanci. Gaskiya ne Gizo yakan yi zamba ya tsira, sai dai nasa sha'anin na ban dariya ne, ba a kwana da shi a zuciya. Bugu da ƙari, tatsuniya tana da ƙofar fita. Idan mai bayarwa ta ce ƙurunƙus, ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, ta sanar da yara cewa abin da suka ji ƙage ne, kowa ya je ya kwanta.

Bishiyar Tsafi ta karya ƙa'idar, ta kuma toshe ƙofar. Wanda ya zana hanya a takarda ba ya ma wurin. Wanda ya ba da umarni, ya yi wa gargaɗi dariya, yana tsaye a gefe, kuma ya tsira da ransa. Wanda ya mutu shi ne mai gatari. Ba za a ce Dossou ba shi da hannu ba, tunda da son ransa ya karɓi aikin, ya kuma amince da ƙarfin damtsensa. Duk da haka, ko yaro ɗan shekara goma sha uku ya san cewa rabon bai yi daidai ba. Karin maganar da ya dace a nan wani ne dabam: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kasancewar fursunoni a cikin labarin ya ƙara wa wannan ma'ana nauyi, domin hanyoyi da layin dogo na ƙasashen renon Faransa an gina da yawansu ne da aikin tilas, wanda ba a soke shi a doka ba sai a 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Iyaye da kakannin waɗanda suka fara karanta labarin sun san wanda ke ɗaukar dutse da wanda ke riƙe da takarda.

Ga yaro Musulmi na Zango akwai damuwa ta biyu, wadda ɗan Abome ba lalle ya ji ta ba. A tarihin da Hausawa suka gada, saran bishiyar tsafi alama ce ta nasara. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, da yadda sarakuna suka yi ta fafatawa da masu wannan bauta, har zuwa zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, lokacin da aka sare bishiyar da ake girmamawa aka yi ginin masallaci a wurin. A Daura ma, Bayajida ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ladarsa kuwa auren sarauniya. A waɗannan labarai wanda ya tunkari abin da jama'a ke tsoro shi ke fita da girma. Malamin allo kuma ya koya wa yaro cewa itace ba ya cutarwa ba ya amfanarwa sai da ikon Allah. Sai ga shi a makarantar boko, wurin da ake cewa an zo kawar da camfi, an ba shi labarin da mai sara ya mutu, an kuma ce ya haddace don jarrabawa.

Ba a nan abin ya tsaya ba, domin shi kansa Bahaushe bai gama rabuwa da bishiya ba. Har yau akwai tsamiya da kuka da ake cewa na da iskoki, akwai wuraren da ake hana yara zuwa da tsakar rana ko da almuru. Yaron yana ɗauke da akidar da ta ce bishiya ba komai ba ce, yana kuma ɗauke da tarbiyyar da ta ce a yi hattara. Labarin Pliya ya taɓa daidai wannan gaɓa da manya ba su cika son a tattauna ba. Shi ma batun hanya bai tsufa ba. A farkon 2017 hukumomi sun gudanar da gagarumin aikin kwashe rumfuna da shaguna daga bakin titunan Kwatano, kuma a duk irin wannan aiki tambayar ba ta canzawa: me za a kawar don gari ya ci gaba, wa ya yanke shawara, wa kuma zai biya?

Gajartar labarin ma tana da nata aiki. Dogon littafi yakan ba mai karatu lokacin sabawa da baƙin ciki, ya ga abin da ya biyo baya, ya huce. Gajeren labari yakan kai mutum bakin rami ya sake shi. Ana iya karance shi a zama ɗaya ko biyu, aji guda su ji ƙarshensa tare, a shekarun da yaro ya fara gane cewa duniya ba ta tafiya yadda aka faɗa masa.

A ƙetaren iyaka: littattafan gasar 1933

Abin sha'awa shi ne, ɗaliban Hausa a Nijeriya sun sha irin wannan ɗaci da harshensu, shekaru kusan talatin kafin Pliya ya rubuta nasa. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai don samar da abin karantawa da boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Dukkansu ƙanana ne, waɗanda za a iya gamawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta hannun Kamfanin Gaskiya da hukumar NORLA da kuma kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, an yi ta sake buga su, suka zama abincin makarantu. Ukun farko sun fi karkata ga yawon duniya da jaruntaka da barkwanci. Biyun ƙarshe kuwa suna cikin sahun labaran da ba a mantawa.

A Jiki Magayi, attajiri Malam Shaihu ya raba saurayi Abubakar da budurwarsa Zainabu ya aure ta. Abubakar ya shiga duniya neman abin ramuwa, ya sha wuya har ya samo asiri. Amma bai jefi Malam Shaihu da shi kai tsaye ba. Ya nufi ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaron ya tashi ɓarawo, ya zama abin kunya ga gidansu, ya bar gari, har ƙaddara ta kai shi ga kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Ana iya cewa alhaki ya komo kan mai shi daga ƙarshe, sai dai ya bi ta kan rayuwar yaro ya ragargaza ta kafin ya isa. Ɗalibin da ke karanta littafin sa'an Kyauta ne, kuma da shi yake auna kansa.

A Shaihu Umar babu asiri, tarihi ne tsagwaronsa. An sace Umar yana ƙarami a zamanin hare-haren bayi, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya ƙetare Sahara da shi, ya ba shi ilimi har ya zama malami. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka bautar, aka kai ta Arewacin Afirka, ta sha azaba iri-iri. Da Allah ya haɗa su bayan shekaru, jikinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. Littafin ya lulluɓe wannan da haƙuri da tawakkali, kuma Umar da kansa yake ba ɗalibansa labarin cikin natsuwa. Amma mai karatu ya ga cewa wadda ta fi kowa tsarkin niyya ita ta fi kowa wahala, waɗanda suka yi cinikinta kuwa ba a nuna wani hukunci mai kama da laifinsu ya same su ba. Tasirin labarin ya sa Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976.

Idan aka jera ukun, za a ga bambancin addini da harshe da zamani. Tafawa Ɓalewa Musulmi ne, Tafida Kirista ne na Wusasa, Pliya ɗan Katolika ne mai rubutu da Faransanci. Za a kuma ga abin da ya haɗa su. Dukkansu 'yan boko ne da suka rayu a ƙarƙashin mulkin mallaka, suka ga tsohon tsari yana rushewa sabo yana kafuwa, kuma kowannensu ya zaɓi ya nuna mutumin da canji ko son zuciyar manya ya bi ta kansa: mai gatari, ɗa, uwa.

Kammalawa

Tarihin mulkin mallaka ya raba masu magana da Hausa gida biyu ta fuskar karatu. Na Kano da Zariya sun sami ƙagaggun labarai da harshensu tun shekarun 1930. Na Zangon Kwatano sun shiga adabin zamani ta ƙofar Faransanci, kuma mafi yawansu ba su sami damar karanta Shaihu Umar a aji ba, kamar yadda ɗalibin Hausa a Sakkwato ko Katsina da wuya ya taɓa jin sunan Dossou. Wannan giɓi aiki ne da ke jiran masu nazari. Fassara labarin Pliya zuwa Hausa, da kai littattafan 1933 ga matasan zanguna, za su buɗe fagen kwatance mai amfani, musamman ga masu sha'awar adabin Hausawan da ke zaune a wajen ƙasar Hausa.

Ga ɗalibin da ke nazarin jigo da zubi da tsari kuwa, akwai dabarar da zai iya ɗauka daga wannan tarihi. Idan ya gama karanta labari ya ji ya tsaya masa a rai, kafin ya rubuta cewa jigonsa gargaɗi ne ko nasiha, ya fara lissafa abu uku: wa ya yi laifi, wa ya ba da umarni, wa ya sha wuya. Idan sunan mutum ɗaya ne ya amsa duka, labarin yana tafiya a kan turbar tatsuniya. Idan sunayen sun bambanta, to marubucin yana magana ne a kan yadda al'ummarsa ke rabon iko da wahala, kuma a wannan wuri ya kamata nazarin ya zurfafa.